Gidan Gandhi na Sabarmati: Sharhi Kan Wurin da Makarantu Ke Kai Yara Su Koyi Gaskiya da Lumana

A bakin kogin Sabarmati da ke birnin Ahmadabad, a jihar Gujarat ta yammacin Indiya, akwai wani gida da makarantu ke kwaso ɗalibansu a motoci su kai su domin a koya musu abubuwa biyu da ke da wuyar koyarwa a kan allo, wato faɗin gaskiya da kame hannu daga cutar da wani. Gidan shi ne wanda Mahatma Gandhi, jagoran gwagwarmayar 'yancin Indiya daga mulkin Turawan Ingila, ya zauna a cikinsa daga 1917 zuwa 1930, kuma a yau an mayar da shi gidan tarihi wanda ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Ni malamin sakandare ne da ya je ƙaro karatu a wannan jiha, saboda haka da idon malami na dubi wurin, ina tambayar kaina ko yaro zai fita daga nan da wani abu da zai amfane shi ranar jarrabawa ko ranar da aka tsokane shi a filin wasa. Amsata ita ce wurin ya cancanci a kai yara, amma amfaninsa ya rataya ne a wuyan malamin da ya kai su, domin kayan darasin suna nan a shimfiɗe, sai dai ba su iya koyar da kansu.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne ginin gidan tarihin kansa, wanda maginin nan Charles Correa ya tsara, Firaminista Jawaharlal Nehru kuma ya buɗe a 1963. Ba dogon bene ba ne mai tsoratar da yaro. Jerin ƙananan rumfuna ne masu rufin tayil da ginshiƙan jan bulo, a haɗe da juna kewaye da wani tafki, iska tana ratsawa ta ko'ina, ta yadda aji guda zai iya zama a ƙasa cikin inuwa malami yana magana ba tare da ya ɗaga murya ba. A jikin bangwaye akwai hotuna da kwafin wasiƙu da bayanai, kuma babban zauren yana ɗauke da suna da aka ciro daga wata magana ta Gandhi, cewa rayuwarsa ita ce saƙonsa. A ma'ajiyar gidan akwai wasiƙu fiye da 30,000 da ya rubuta ko aka rubuto masa, ga ɗakin karatu, ga kuma kantin littattafai masu sauƙin farashi.

Amma inda yara suka fi tsayawa shi ne ɗan gidan da Gandhi da matarsa Kasturba suka zauna, wanda ake kira Hriday Kunj. Ana cire takalma kafin a hau barandar, sa'an nan a leƙa ɗakinsa, inda babu komai sai shimfiɗa da matashi da ɗan gajeren teburin rubutu da keken kaɗin zare. A barandar akwai masu nuna yadda ake kaɗi, kuma sukan bar baƙo ya gwada da hannunsa. Duk wanda ya taɓa ganin kakarsa tana murza mazari da alli a yatsu zai gane aikin nan take, bambancin kawai shi ne a nan hannu ɗaya yana juya ƙafar keke, ɗayan kuma yana jan audugar. Na tsaya ina kallon wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, kitsonta biyu ɗaure da jan ƙyalle, tana jan zaren yana tsinkewa, tana ƙullawa yana sake tsinkewa, ƙawayenta suna dariya, mai koyarwar kuma ba ta karɓe daga hannunta ba, sai dai ta riƙa sassauta mata yatsu. Da zaren ya fito da tsawon kamu guda bai tsinke ba, sai ta ɗaga shi sama tana nuna wa malamarta. Wannan ɗan aiki shi ne ginshiƙin tsarin ilimin da Gandhi ya gabatar a taron Wardha na 1937, wanda kwamitin Dakta Zakir Husain, mutumin da daga baya ya zama shugaban ƙasar Indiya, ya tsara shi dalla-dalla: karatu kyauta na shekara bakwai, cikin harshen uwa, a gina shi a kan sana'ar hannu. Hujjarsu ita ce zare ba ya karɓar ƙarya, domin idan yaro ya yi ha'inci a aikin kowa zai gani, kuma idan ya yi fushi ya fizga, shi da kansa zai fara ganin sakamakon.

A kan batun gaskiya, dukiyar wannan wuri ita ce labaran ƙuruciyar Gandhi, waɗanda ya rubuta da kansa a tarihin rayuwarsa, kuma ana samun littafin a kantin gidan. Biyu daga cikinsu sun dace da ɗalibi ƙwarai. Na farko ya faru ne a shekararsa ta farko a babbar makarantar Rajkot, lokacin da sufeton ilimi, wani Bature mai suna Giles, ya zo duba makaranta ya ba yara kalmomin Turanci biyar su rubuta. Gandhi ya kuskure ɗaya, malaminsa ya gani, sai ya zungure shi da bakin takalmi domin ya leƙa allon na kusa da shi ya gyara, shi kuwa bai leƙa ba, saboda a fahimtarsa malami yana tsaye ne domin ya hana satar amsa. Da aka duba, kowa ya ci duka biyar sai shi kaɗai. Ƙarfin labarin yana cikin cewa mai tura yaron ga ha'inci malaminsa ne, kuma dalilin malamin shi ne kada makaranta ta ji kunya a gaban sufeto. Duk malamin da ya taɓa tsaron jarrabawar kammala sakandare ya san wannan matsin, ya san yadda hukumar makaranta da iyaye kan so sakamako mai kyau ko ta halin ƙaƙa, saboda haka ba zai iya karanta wa yara wannan labari ba sai ya fara jin nauyinsa a kansa.

Labari na biyu ya fi taɓa zuciya. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya gutsuri zinariya daga munduwar ɗan'uwansa domin a biya wani bashi, abin ya dame shi har ya kasa samun sukuni, sai ya rubuta takarda yana bayyana laifinsa yana kuma neman a hukunta shi, ya miƙa wa mahaifinsa da ke kwance ba shi da lafiya. Mahaifin ya tashi zaune ya karanta, hawaye suka zubo masa har suka jiƙa takardar, ya yayyaga ta ya koma ya kwanta, bai doke shi ba, bai kuma zage shi ba. Gandhi ya ce a nan ne ya fara ganin darasin rashin cutarwa a aikace. A ganina wannan shi ne wurin da gaskiya da lumana suka haɗu, domin yaro ba ya faɗin gaskiya a inda ya tabbata cewa dorina ce za ta biyo baya. Makarantar da ke son ɗalibanta su riƙa amsa laifinsu dole ne ta bambanta tsakanin wanda ya kawo kansa da wanda aka kama, in ba haka ba ita da kanta take horar da su a kan ƙwarewa wajen ɓoye laifi.

Akwai labari na uku wanda na fi so malamai su karanta tun kafin su hau mota, domin su ya shafa kai tsaye. A gonar Tolstoy da ke kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu, wadda aka kafa a 1910, Gandhi ya koyar da yara Hindu da Musulmi da Kirista da Farsi mabiya addinin Zoroaster a wuri ɗaya, kuma ƙa'idar wurin ita ce malami ba ya sa yaro aikin da shi ba ya yi. Wata rana wani saurayi mai taurin kai, mai yawan ƙarya da faɗa, ya kai shi bango, sai ya ɗauki rula ya buge shi a hannu, jikinsa yana rawa. Yaron ya fashe da kuka ya nemi gafara, amma Gandhi ya rubuta cewa ya yi nadamar wannan duka, domin abin da ya nuna wa yaron a ranar shi ne fushinsa, kuma bai sake dukan ɗalibi ba. A wannan gona ce kuma ya ƙarfafa wa yaran Musulmi su riƙe azumin Ramadan, ya kuma ja hankalin sauran yaran su taya su da kame baki har yamma. Wannan bayani yana da daraja ga iyayen da ke tsoron cewa darasin tarbiyya na bai ɗaya zai raba yaro da addininsa.

Mai karatu Musulmi zai so ya san matsayin wannan gida ta fuskar ibada, kuma ya dace a faɗa a fili. Wurin addu'ar mazauna gidan fili ne a sarari a bakin kogi, inda suke taruwa safe da yamma ana karanto nassoshin addinai daban-daban, kuma yau baƙo yana kallonsa ne a matsayin tarihi, babu mai sa shi yin wani abu. Cikin mazauna gidan akwai Imam Abdulƙadir Bawazir, wanda ya biyo Gandhi daga Afirka ta Kudu ya zauna da iyalinsa a nan. Alkawura goma sha ɗaya da mazauna gidan suke ɗauka sun haɗa da gaskiya, da rashin cutarwa, da barin sata, da barin tara abin da ba a buƙata, da cin abinci da gumin kai, da rashin tsoro, da girmama addinin wani, da kawar da ƙyamar da ake yi wa 'yan jinsin da tsarin al'ummar Hindu ya ajiye a can ƙasa. Akasarinsu Musulmi da Kirista za su same su a cikin littattafansu, domin mun taso muna jin hadisin da ke cewa gaskiya tana kai wa ga nagarta, da wanda ke cewa jarumi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Wasu kuwa, kamar ƙaurace wa jima'i ko da a cikin aure da barin cin nama, sun fito ne daga fahimtar Gandhi ta addininsa, kuma shari'armu ta ba mutum haƙƙin kare kansa da neman a bi masa kadinsa a gaban alƙali. Malami nagari zai rarrabe wa yara waɗannan abubuwa ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Zai kuma ambata musu Khan Abdul Ghaffar Khan, Musulmi ɗan ƙabilar Pashtun da ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929, ya tara dubban mutanen da aka san su da riƙon bindiga da ɗaukar fansa, suka yi rantsuwa cewa ba za su rama duka ba, kuma daga Alƙur'ani da haƙurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a zamanin Makka ya ciro hujjarsa.

Abin da gidan ya fi ƙwarewa a kai shi ne nuna cewa waɗannan ɗabi'u suna da farashi. A 1915, tun gidan yana unguwar Kochrab kafin annoba ta sa a dawo da shi bakin kogi, Gandhi ya karɓi iyalin wani malami mai suna Dudabhai, daga jinsin da ake ƙyamar taɓawa, su zauna su ci tare da kowa. Masu ba da tallafi suka janye hannunsu, mutanen cikin gidan ma suka yi ta gunaguni, har aka kai ga babu kuɗin wata mai zuwa, sai attajirin masaƙa Ambalal Sarabhai ya zo a mota ya miƙa rufi 13,000, kuɗin Indiya, ya tafi. A watan Fabrairu na 1922, lokacin da gwagwarmayar ƙin haɗa kai da Turawa take kan ganiyarta, masu zanga-zanga a Chauri Chaura suka ƙona ofishin 'yan sanda suka kashe fiye da ashirin daga cikinsu, Gandhi kuma ya dakatar da gwagwarmayar gaba ɗaya duk da fushin abokan tafiyarsa. Wata guda bayan haka aka gurfanar da shi a wannan birni bisa tuhumar tunzura jama'a, ya amsa laifin da bakinsa, aka yanke masa shekara shida. Daga ƙofar wannan gida ne kuma ya fita ranar 12 ga Maris, 1930, tare da mutum 78, suka taka kimanin kilomita 385 cikin kwana 24 zuwa Dandi a bakin teku, inda ya ɗebi gishiri ranar 6 ga Afrilu domin karya dokar da ta hana talaka yin gishirinsa. An ɗaure fiye da mutum 60,000 a watannin da suka biyo baya. Yaron da ya tashi yana jin cewa wanda bai rama ba matsoraci ne yana buƙatar ya ga waɗannan hotuna, na mutanen da suka tunkari kulake da ƙafafunsu ba su ɗaga hannu ba. Wannan salo ne ya ja Martin Luther King daga Amurka har ya ziyarci gidan a 1959, kuma shi ne Malam Aminu Kano ya yi nazarinsa ya kuma yi sha'awarsa a gwagwarmayarsa ta 'yancin talakawa.

Sai dai amfanin duk wannan yana iya salwanta cikin sa'a guda, kuma na ga yadda hakan ke faruwa. Wata makaranta, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta sauke yara mota biyu, malamansu suka jera su layi suna busa usur, suka ratsa da su cikin zaurukan da sauri kamar ana korarsu, aka ɗauki hoto a gaban gunkin birai ukun nan da ke toshe ido da kunne da baki, aka koma mota. Da wani yaro ya tsaya karanta wani bayani, sai malami ya finciko shi ta kwalar riga yana daka masa tsawa, a wurin da aka kawo shi domin ya koyi rashin cutarwa. A wannan rana kuma na ga wata malama da ɗalibanta kaɗan, ta zaunar da su a ƙasa a gefen tafkin, ta ba su labarin sufeto da kalmomi biyar, sa'an nan ta tambaye su wanda ya yi laifi tsakanin malamin da yaran da suka ci duka. Gardama ta kaure tsakanin yaran, wani yana cewa biyayya ga malami wajibi ce, wata tana cewa ai ba a biyayya a kan ƙarya, ita kuwa ta bar su suka yi ta yi, ba ta yanke musu hukunci ba sai a ƙarshe. Waɗannan yara sun ga ɗan kaɗan daga cikin gidan, amma na tabbata su ne suka tafi da abin da aka zo nema.

Akwai iyakar da ta fito daga yanayin gidan tarihi kansa. Mafi yawan kayan nunin rubutu ne da hotuna marasa launi, saboda haka yaron firamare na ƙananan azuzuwa zai gaji da wuri, kuma wurin ya fi dacewa da 'yan shekara goma zuwa sama. Iyaka ta biyu ta fi muhimmanci a gare ni a matsayina na ɗan Afirka. Wuri ne na girmamawa, kuma wanda ya zo koyar da gaskiya ya kamata ya zo da sauran gaskiyar a aljihunsa. A shekarunsa na farko a Afirka ta Kudu Gandhi ya rubuta kalaman raini a kan baƙar fata, kuma saboda waɗannan kalamai ne malamai da ɗaliban Jami'ar Ghana suka matsa har aka cire gunkinsa daga harabar Legon a watan Disamba na 2018, shekara biyu da rabi bayan kafa shi. Dakta Ambedkar, jagoran 'yan jinsin da ake ƙyama, ya yi saɓani mai tsanani da shi a 1932 kan kujerun wakilcinsu, kuma har yau mabiyansa da yawa ba su gamsu da Gandhi ba. Haka kuma jihar da ke ɗauke da wannan gida ita ce ta ga rikicin 2002 wanda ya ci rayukan fiye da mutum 1,000, akasarinsu Musulmi, kuma Ahmadabad tana cikin wuraren da abin ya fi muni. Ɗalibin sakandare zai iya ɗaukar waɗannan bayanai, kuma ɓoye masa su yana rushe darasin, domin ranar da ya gano su a intanet zai ɗauka cewa duk sauran abin da aka gaya masa ma ado ne. Gandhi da kansa ya rubuta satarsa da fushinsa da dukan da ya yi wa ɗalibi, don haka babu dalilin da zai sa malami ya fi shi kare shi.

Ga wanda ke shirin kai ɗalibai, ko ɗalibinmu da ke karatu a Gujarat yake son zuwa da kansa, gidan yana kan titin Ashram, a-daidaita-sahu yana kai mutum wurin daga tashar jirgin ƙasa ko filin jirgin sama, kuma ana buɗewa kowace rana. Zuwan safe ya fi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi kan wuce digiri 40, kuma a guji ranar 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 2007 a matsayin ranar ƙin tashin hankali ta duniya, da ranar 30 ga Janairu da aka kashe shi a 1948, domin cunkoso da taron manyan baƙi ba za su bar aji ya zauna ba. A raba yara ƙananan rukunoni, kowane rukuni da malaminsa, a ba su labari ɗaya su karanta tun daga makaranta, a kuma ware musu lokacin kaɗi a baranda. Ya kamata a tuntuɓi ofishin gidan kafin a sa rana, domin a ranar 12 ga Maris, 2024, Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da aikin faɗaɗa wurin daga eka 5 zuwa eka 55 a kan kuɗi rufi biliyan 12, aikin da Tushar Gandhi, tattaɓa-kunnen mai gidan, ya ƙalubalanta a kotu bisa tsoron cewa zai ɓata sauƙin da aka san wurin da shi, kuma aikin gini yana iya canja ƙofar shiga da wurin ajiye motoci.